Ultras: Masu mulkin bayan raga a filayen ƙwallon Italiya

Da asubahin ranar 30 ga Satumban 2024 'yan sandan Italiya suka yi dirar mikiya a gidajen wasu jagororin magoya bayan Inter da AC Milan, suka yi awon gaba da mutum 19. Abin da ya ɗaure wa jama'a kai shi ne tuhumar ba ta tsaya a faɗan ranar wasa ba. Masu gabatar da ƙara na birnin Milan sun ce mutanen sun mayar da filin San Siro saniyar tatsa: sayar da tikiti ta bayan fage, karɓar kuɗin wuraren ajiye motoci, da tatsar masu sayar da abinci da abin sha. A ɓangaren Inter kuma aka ce har 'Ndrangheta, gungun masu manyan laifuka na yankin Calabria, ta tsoma hannu.

Ƙasa da wata guda kafin kamen, jagoran magoya bayan Inter, Andrea Beretta, ya daɓa wa abokin tafiyarsa Antonio Bellocco wuƙa har lahira a cikin mota, a wani gari da ke gefen Milan. Bellocco ɗan ɗaya daga cikin manyan gidajen 'Ndrangheta ne. A watan Yunin 2025 kotu ta ɗaure Beretta shekara 10, bayan ya amince ya ba masu bincike haɗin kai, ta kuma ɗaure Luca Lucci, jagoran ɓangaren AC Milan, shi ma shekara 10.

Duk wanda ya saba kallon Serie A, tun zamanin Taribo West da Obafemi Martins a Inter har zuwa na Osimhen a Napoli da Lookman a Atalanta, ya san waɗannan mutane ko da bai san sunansu ba. Su ne ke bayan raga, a tsaye daga usur na farko zuwa na ƙarshe, cikin jan hayaƙi da tutoci da waƙa. Amma gane yadda masu rera waƙa suka kai matsayin da gidajen mafiya ke zawarcinsu sai an koma baya fiye da shekara 50.

## Wane ne ultra, mece ce curva

Italiyawa na kiran mai goyon bayan kulob tifoso. Ultra kuwa kalma ce mai tushe a Latin, ma'anarta wanda ya zarce iyaka. Mafi kusa da ita a Hausa ita ce ɗan gani-kashe-ni, sai dai tsananin so kaɗai ba ya mayar da mutum ultra. Sai ya shiga ƙungiya mai suna, mai ƙyallenta, mai shugabanninta, mai wurin tsayawarta a fili.

Wannan wurin shi ne curva, wato lanƙwasa. Da yawa daga tsofaffin filayen Italiya an gina su ne da hanyar tsere a kewaye, shi ya sa mazaunin 'yan kallo na bayan raga ya lanƙwashe. Kallo daga can ba shi da daɗi sosai, don haka tikitinsa ya fi araha, nan ne 'ya'yan ma'aikata da ɗalibai suka yi sansani. A San Siro, Curva Sud ta AC Milan ce, Curva Nord ta Inter. A filin Olimpico na birnin Rum, Sud ta Roma ce, Nord ta Lazio. Idan jaridar Italiya ta ce "curva ta yi fushi", ba gini take nufi ba, jama'ar wurin da shugabanninsu take nufi.

Ana yawan haɗa su da 'yan dabar ƙwallon Ingila na shekarun 1970 da 1980, amma akwai bambanci. Na Ingila sun fi tafiya a ƙananan gungu, suna shigar da ba za ta nuna kulob ɗinsu ba don ɓace wa 'yan sanda, kuma faɗan shi ne abin da ya fito da su. Ultras so suke a gan su. Suna da taron mako, da asusu, da masu ɗinki da fenti, da masu shirya motocin tafiya. Faɗa na cikin al'adarsu, ba mai musun haka, amma ba shi ne dukanta ba.

## Yadda abin ya faro

Ƙungiyoyin magoya baya sun daɗe a Italiya. Fedelissimi Granata ta Torino tun 1951 take. Amma salon da ake kira ultras ya tsiro ne a ƙarshen shekarun 1960. A 1968 wasu samari suka kafa Fossa dei Leoni, wato ramin zakuna, a AC Milan. A 1969 Boys ta Inter ta biyo baya, haka ma Ultras Tito Cucchiaroni ta Sampdoria, wadda ta ɗauki sunan wani tsohon ɗan wasan kulob ɗin ɗan Ajantina, kuma ita aka fi dangantawa da fara ɗora kalmar a kan ƙyalle. Sai Brigate Gialloblù ta Verona a 1971, da Commando Ultrà ta Napoli a 1972, da Brigate Rossonere ta Milan a 1975, da Commando Ultrà Curva Sud ta Roma a 1977.

Sunayen kansu labari ne. Brigate runduna ce, Commando sojan kundumbala ne, Fedayn ta Roma kuwa daga fida'iyyun na Falasɗinu ta aro sunan. Dalili shi ne ƙasar da aka haifi waɗannan ƙungiyoyi a cikinta tana tafasa. Ɗalibai sun yi bore a 1968, ma'aikatan masana'antu sun tsayar da aiki a 1969, a watan Disamban shekarar bam ya tashi a wani banki a dandalin Piazza Fontana na Milan. Daga nan aka shiga abin da Italiyawa ke kira shekarun dalma, saboda harsasai: masu tsattsauran ra'ayin gurguzu da masu ra'ayin fasist suna kashe-kashe, ƙungiyar 'yan bindigar gurguzu ta Brigate Rosse ta sace tsohon firaminista Aldo Moro ta kashe shi a 1978, bam ya hallaka mutum 85 a tashar jirgin ƙasa ta Bologna a 1980. Saurayin da ya yi zanga-zanga ranar Asabar shi ne ke shiga fili ranar Lahadi, ya kuma taho da kayan aikinsa: ganga, lasifikar hannu, dogon ƙyalle mai rubutu, da take mai amshi.

Akwai wani tushen da ya girmi siyasar, wanda suke kira campanilismo, daga kalmar hasumiyar ƙararrawar coci. Ma'anarsa kishin garinka sama da na ƙasa. Italiya ba ta dunƙule ta zama ƙasa ɗaya ba sai a 1861. Kafin nan birane ne masu sarautar kansu, sun shafe ɗaruruwan shekaru suna yaƙar juna. Pisa da Livorno maƙwabta ne, tafiyar 'yan mintuna a jirgin ƙasa, amma a yankin har karin magana ake yi cewa gara gawa a gida da ɗan Pisa a bakin ƙofa. Ga kuma tsohuwar tsamar da ke tsakanin arewa mai masana'antu da kudu mai talauci, wadda ta ƙara zafi bayan dubban 'yan kudu sun kwarara Turin da Milan neman aiki. Shi ya sa ultra zai ce maka ba ɗan wasa yake bi ba, ba kuma mai kulob ba. Rigar yake bi da garin. 'Yan wasa baƙi ne, masu kulob 'yan kasuwa ne, shi ne ɗan gida.

## Tsarin cikin gida

Kowace babbar ƙungiya tana da majalisar shugabanni, a samanta kuma akwai capo, wato jagora. Ba ƙuri'a ake kaɗawa ba. Daɗewa, da yawan tafiye-tafiye, da suna wajen tsayawa idan rigima ta tashi, su ke ɗaga mutum. A ranar wasa akwai mai ba da waƙa, wanda ke hawa kan shinge da lasifika, ya juya wa filin baya, ya fuskanci jama'a. Yakan gama wasa bai ga ƙwallon da aka ci ba.

Abin da kyamara ta fi so shi ne coreografia, hoton nan da ke rufe curva baki ɗaya kafin a take wasa, da dubban takardu masu launi ko ƙyalle mai faɗin gida. Na babban wasa yakan ci makonni ana aikinsa a ɓoye, kuma a al'ada kuɗinsa daga karo-karo da cinikin gyale da sitika yake fitowa. Sai trasferta, bin kulob zuwa wasan waje. A wurinsu nan ake gane na gaske, domin kowa na iya zuwa filin garinsu, amma kwana a mota daga Lecce zuwa Udine don wasan da ƙila a sha kashi sai mai ita.

Ba abin da ya kai striscione daraja, dogon ƙyallen da ke ɗauke da sunan ƙungiya. Matsayinsa kamar na tutar yaƙi ne. Idan abokan gaba suka ƙwace shi, dokar da ba a rubuta ba ta ce ƙungiyar ta rushe, kuma kai ƙara wurin 'yan sanda ya fi rasa ƙyallen muni. Fossa dei Leoni, uwar ƙungiyoyin, ta watse a 2005 bayan shekara 37, a cikin rikicin da aka zarge ta da neman taimakon 'yan sanda wajen dawo da ƙyallayen da magoya bayan Juventus suka sace mata. A watan Fabrairun 2023 kuma wasu magoya bayan Red Star Belgrade suka yi wa 'yan Fedayn kwanton ɓauna a Rum, suka tafi da ƙyallensu Sabiya, suka rataye shi a kife a filinsu, sannan suka cinna masa wuta.

Kamar yadda ake gaba haka ake ƙawance, wanda suke kira gemellaggio, tagwaitaka. Magoya bayan Genoa da na Napoli sun ƙulla nasu a 1982, ranar da kunnen doki tsakaninsu ya ceci Genoa ya jefa AC Milan rukuni na biyu, kuma ya ɗore har 2019. Na Inter da Lazio ya haifar da wani abin mamaki a watan Mayun 2010: magoya bayan Lazio sun yi ta murna a filinsu ana cin kulob ɗinsu 2 da nema, saboda nasarar Inter na nufin Roma ba za ta ɗauki kofi ba.

Duk wannan suna tattara shi a kalma ɗaya, mentalità: ba a taɓa ɗan kallon da ba ruwansa, ba a taron dangi a kan mutum ɗaya, ba a ɗaukar wuƙa, ba a tona asiri. Jerin gawarwakin da ke tafe ya nuna sau nawa aka taka waɗannan ƙa'idoji.

## Jini, sannan doka

Ranar 28 ga Oktoban 1979, kafin wasan Roma da Lazio, wani ya harba rokar neman agaji irin ta jiragen ruwa daga Curva Sud. Ta ƙetare filin ta sami Vincenzo Paparelli, magoyin bayan Lazio da ke zaune kusa da matarsa, a ido. Ya mutu, aka kuma buga wasan.

Shekara 10 bayan haka, a watan Disamban 1989, majalisa ta kafa dokar da har yau ita ce babbar sandar hukuma, wadda ake taƙaita sunanta da Daspo. Umarni ne na hana mutum kusantar wuraren wasanni. Abin lura a nan, ba alƙali ne ke bayar da shi bayan shari'a ba. Shugaban 'yan sandan lardi ne ke sa hannu, ko da kotu ba ta kama mutum da laifi ba. Yakan kai shekara 1 zuwa 5, ga wanda ya maimaita kuma har 10, wani lokaci tare da sharaɗin ya je ofishin 'yan sanda ya sa hannu a daidai lokacin da kulob ɗinsa ke wasa.

A watan Janairun 1995 aka kashe Vincenzo Spagnolo, magoyin bayan Genoa, da wuƙa kafin wasa da Milan. An dakatar da wasannin makon da ya biyo baya, su ma ultras na garuruwa daban-daban suka yi taro a Genoa suka fitar da sanarwar da takenta ke cewa wuƙaƙe sun isa haka. A 2005 aka kawo dokar rubuta sunan mai tikiti a jikin tikitinsa, da ƙofofin shiga masu juyawa, da kyamarori.

Amma shekarar da ta sauya komai ita ce 2007. Ranar 2 ga Fabrairu sufeton 'yan sanda Filippo Raciti ya mutu a tarzomar wasan Catania da Palermo. Aka tsayar da gasa, aka rufe filayen da ba su cika sharuɗɗa ba, aka hana shiga da ganga da lasifika, ƙyalle kuma sai an nemi izini kwanaki kafin wasa an bayyana abin da aka rubuta. Watanni 9 bayan haka, ranar 11 ga Nuwamba, wani ɗan sanda ya yi harbi daga tsallaken babbar hanya kusa da Arezzo, ya kashe Gabriele Sandri, magoyin bayan Lazio da ke cikin mota. A daren nan ultras na Roma da na Lazio, waɗanda ba sa ga maciji, suka haɗu suka far wa barikin 'yan sanda a Rum. Daga baya kotu ta ɗaure ɗan sandan shekara 9 da wata 4. Tun daga lokacin babban abokin gabar curva ya tashi daga curva ta garin maƙwabta ya koma mai kaki.

Ministan cikin gida Roberto Maroni ya ƙara da katin shaidar magoyin baya, tessera del tifoso, wanda daga kakar 2010 sai da shi ake sayen tikitin kaka ko na wasan waje. Ƙungiyoyi da dama suka ƙi karɓa, suka gwammace su daina tafiya, wasu ma suka naɗe ƙyallensu. Kisa dai bai tsaya ba: an harbi Ciro Esposito, magoyin bayan Napoli, kafin wasan ƙarshe na kofin Italiya a Rum a watan Mayun 2014, ya cika bayan makonni a asibiti. A 2017 hukumomi suka sassauta, aka fara janye tilascin katin, ganga da lasifika suka dawo.

## Inda kuɗi ya shigo

Tambayar da ta fi damun mai kallo daga waje ita ce me ya sa kulob mai biliyoyi ke jin tsoron 'yan kallonsa. Amsar tana cikin wata ƙa'ida ta hukumar ƙwallon Italiya: kulob ne ke ɗaukar alhakin abin da magoya bayansa suka aikata. Idan curva ta jefa wuta a fili ko ta yi waƙar wariyar launin fata, kulob za a ci tara, shi za a rufe wa fili. An kafa ƙa'idar ne don kulob ya tsawata wa mutanensa, sai ta zama wuƙa a hannun jagororin curva. Saƙon a fili yake: a ba mu tikiti, a bar mana cinikin riguna, a taimaka da kuɗin tafiya, in ba haka ba ranar Lahadi za ku ji a jikinku. Shugabannin kulob da yawa sun ga cewa sayen zaman lafiya ya fi araha.

Ga shi kuma yawancin filayen ba na kulob ba ne, na hukumar birni ne, haya ake yi. Mai haya ba ya kashe kuɗi a gyaran gidan wani, mai gida kuma ba ya nan ranar wasa. Sai curva ta zama fegin da ba mai iko da shi sai wanda ya fi ƙarfi a cikinta.

Ƙarfin ya sha fitowa a bainar jama'a. A watan Maris na 2004 jita-jitar ƙarya ta bazu a Olimpico cewa motar 'yan sanda ta take wani yaro. Wasu jagororin ultras suka sauko cikin fili suka yi magana da kyaftin ɗin Roma, Francesco Totti, aka tashi wasan Roma da Lazio duk da cewa hukuma ta yi ta sanar da cewa ba wanda ya mutu. A watan Afrilun 2012, Siena na cin Genoa 4 da nema, ultras na Genoa suka tsayar da wasa suka ce 'yan wasansu su tuɓe rigunan kulob domin ba su cancance su ba, kuma akasarinsu suka tuɓe.

Inda tikiti ke yawo ba lissafi, ga dubban samari masu biyayya ga mutum ɗaya, ga kasuwar ƙwaya a kusa, masu manyan laifuka ba sa buƙatar gayyata. Bincike a Turin ya gano 'Ndrangheta a cikin cinikin tikitin curva ta Juventus, har hukumar ƙwallo ta hukunta shugaban kulob ɗin na lokacin, Andrea Agnelli, a 2017 kan yadda tikiti ke isa hannun ultras. A 2019 Juventus da kanta ta kai ƙara, aka kama jagorori 12, waɗanda aka zarga da barazanar yin waƙoƙin wariya don a ci kulob tara. A Lazio, Claudio Lotito ya toshe wa ƙungiyar Irriducibili irin waɗannan kafofi bayan ya sayi kulob ɗin a 2004, ya kuma shafe shekaru yana yawo da 'yan sandan rakiya. Jagoran ƙungiyar, Fabrizio Piscitelli, an harbe shi a kan benci a wani lambun shaƙatawa na Rum a watan Agustan 2019, kisan da masu bincike suka danganta da rikicin fataucin ƙwaya. A watan Oktoban 2022 aka bindige Vittorio Boiocchi, jagoran Curva Nord ta Inter, a ƙofar gidansa. Da labari ya iso San Siro ana tsakiyar wasa, sai aka fitar da mutanen curva, har da waɗanda suka zo da iyalansu ba su kuma so tafiya ba.

Binciken Milan ya ƙara nuna wani abu. Jagororin curva biyu na birnin suna da yarjejeniyar daina faɗa tun farkon shekarun 1980, kuma masu gabatar da ƙara sun ce ta rikiɗe ta zama yarjejeniyar raba riba.

## Siyasa da launin fata

A shekarun farko akwai curva masu jan ra'ayin gurguzu da yawa. Daga shekarun 1980 zuwa 1990 masu ra'ayin fasist suka yi rinjaye a manyan wurare kamar Lazio da Verona da Inter, daga baya har Roma. Masu ra'ayin gurguzun sun rage a garuruwa irin su Livorno, inda aka kafa jam'iyyar kwaminis ta Italiya a 1921, da Terni da Cosenza. Ƙungiyoyi da yawa kuma na cewa ba ruwansu da siyasa.

'Yan wasa baƙar fata su suka fi ɗanɗana kuɗar wannan juyi. A 2001 wasu ultras na Treviso suka fice daga fili don kocin ya sako matashi ɗan Najeriya, Akeem Omolade. A wasa na gaba abokan wasansa suka shafa baƙin fenti a fuska don nuna suna tare da shi. Kevin-Prince Boateng na AC Milan ya bar fili saboda ihun wariya a wasan sada zumunta da Pro Patria a 2013. Sulley Muntari ya kai wa alƙalin wasa kuka a Cagliari a 2017, sai aka ba shi katin gargaɗi, ya fice. An yi wa Kalidou Koulibaly kukan biri a San Siro a 2018, an yi wa Mike Maignan a Udine a 2024. Da aka yi wa Romelu Lukaku a Cagliari a 2019, curva ta kulob ɗinsa, Inter, ta rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa tana cewa wannan ba wariya ba ce, dabara ce ta rikita abokin karawa. Wannan ita ce hujjar da ultras suka saba kawowa, suna ƙarawa da cewa Italiyawa 'yan Napoli ma ana yi musu waƙar fatan dutsen Vesuvius ya ƙone su. Hukumar ƙwallo, da 'yan wasan da abin ya shafa, da ƙungiyoyin yaƙi da wariya ba su karɓi hujjar ba.

## Abin da kowane ɓangare ke cewa

Ma'aikatar cikin gida da 'yan sanda na ganin tsauraran dokoki sun yi aiki, domin faɗa a cikin fili ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun 1980 da 1990. Masu suka na amsawa cewa faɗan ƙaura ya yi. A watan Janairun 2023 magoya bayan Roma da na Napoli sun gwabza a kan babbar hanyar A1, a wurin hutun matafiya inda aka kashe Sandri, suka tsayar da zirga-zirga tsakanin arewa da kudu, gwamnati ta hana ɓangarorin biyu tafiya wasan waje na wata 2.

Ultras na cewa ana shafa wa dubbai kashin kajin 'yan tsiraru. A ganinsu su ne suka rage masu tsayawa gaban abin da suke kira calcio moderno, ƙwallon zamani: tashoshin talabijin na kuɗi da suka shigo a 1993 suka warwatsa wasannin Lahadi zuwa ranaku da lokuta barkatai, tsadar tikiti, da masu kulob daga Amurka da sauran ƙasashe. Suna kuma nuna ayyukansu na taimako, kuma ba ƙarya ba ne. Lokacin da korona ta durƙusar da Bergamo a 2020, ultras na Atalanta na cikin waɗanda suka yi aikin sa kai wajen gina asibitin wucin gadi cikin 'yan kwanaki.

Kulob-kulob na tsaka mai wuya, ko kuma sun sa kansu a ciki. A shari'ar Milan kotu ta karɓi Inter da AC Milan a matsayin waɗanda aka cuta, amma hukumar ƙwallo ta ci su tara, ta kuma dakatar da kocin Inter na lokacin, Simone Inzaghi, da ɗan wasa Hakan Çalhanoğlu wasa ɗaya kowanne saboda hulɗa da jagororin curva. Sannan hoton curva cike da launi shi ne abin da gasar ke tallata kanta da shi a duniya.

Masu nazarin al'amarin kan ja hankali ga bambanci tsakanin jagorori 'yan kaɗan da ke cin moriyar kasuwar da dubban matasan da ke biyan kuɗin motarsu da aljihunsu. Sukan kuma tuna cewa yawancin ƙungiyoyin suna ƙananan garuruwa ne, a rukuni na uku da na huɗu, inda babu tikitin da zai yi tsadar da za a yi fasa-ƙwaurinsa.

## Yadda abin ke shafar talaka

Wanda bai taɓa jifa ba shi ke ɗaukar kaso mai yawa na nauyin. Uban da ke son kai ɗansa kallo sai ya sayi tikiti da sunan kowannensu, ya nuna katin shaida a ƙofa. Idan hukuma ta ga wasa na da haɗari, takan hana sayar da tikiti ga duk mazaunin lardi ko yankin da baƙin suka fito, ko da mutum bai san hanyar curva ba. Idan aka rufe curva don laifin mutum 50, dubban masu tikitin kaka ne ke zama a gida. Inda kuma jagorori suka riƙe tikitin manyan wasanni, talaka a hannunsu yake saye da ninkin kuɗi.

Akwai tasirin da ya wuce ƙwallo. Ultras sun daɗe suna ɗaga ƙyallen da ke cewa dokokin musamman yau a kansu ne, gobe a kan gari duka. A 2017 gwamnati ta kawo abin da ake kira Daspo na birni, wanda ke ba hukuma damar korar mutum daga tashar jirgi ko wani dandali, kuma masu talla ba izini da marasa matsuguni na cikin waɗanda yake faɗa wa, ciki har da baƙin haure.

Sai batun filaye. Juventus ta buɗe filinta na kanta a 2011, mai ɗaukar mutum kusan 41,000, inda kulob ke da iko da kowace kujera, tikiti kuma ya yi tsada. Italiya za ta karɓi gasar Turai ta 2032 tare da Turkiyya, abin da ya sa ake matsa wa birane su gyara ko su sayar. A Milan, bayan hukuncin kotu, kulob ɗin biyu sun hana ultras da dama sabunta tikitin kaka na 2025, a ƙarshen Satumban shekarar kuma majalisar birnin ta amince a sayar musu da San Siro da filin da ke kewaye da shi a kan kusan Yuro miliyan 197. Shirinsu shi ne su gina sabon fili mai kujeru 71,500 a gefensa, su rushe mafi yawan tsohon, har da matakalan da Fossa dei Leoni ta fara rataye ƙyallenta a 1968.